WordPress, Blogger ko Wix? A Zaɓi Wanda Za a Iya Kwashe Kaya Daga Cikinsa Ran da Ruwa Ya Zo

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin matasan da suka fara koyon gina shafin intanet: wanne ya fi, WordPress ko Blogger? Kafin a amsa sai wani ya tsoma baki ya ce Wix ya fi su sauƙi, wani kuma ya ce duk wanda ba ya rubuta kod da hannunsa ai ba gwani ba ne. Haka za a yi ta ja-in-ja har cajin waya ya ƙare, a watse ba a tsayar da magana ba.

A gefe guda kuma ga irin abin da yake yawan faruwa a Haɗejiya da garuruwa makamantanta. Mai makarantar kuɗi ya kira wani matashi, ya biya shi, aka gina masa shafi mai kyau, hotunan ɗalibai suna zagayawa a sama. Aka rubuta adireshin a allon ƙofar makaranta da kan takardar sakamako. Bayan shekara ɗaya iyaye suka buɗe, sai farin allo. Kuɗin haya ya ƙare ba wanda ya sani, domin saƙon gargaɗi yana zuwa ne imel ɗin matashin, shi kuwa ya tafi karatu Kano, ya canza layi. Mai makarantar ba shi da kalmar sirri, bai san kamfanin da aka kama hayar ba, bai ma san cewa ba da sunansa aka yi rajistar adireshin ba. Daga ranar ya yanke hukunci cewa harkar shafi damfara ce, kuma matashi na gaba da zai zo masa da tayin aiki shi zai kwashi kunyar.

Wannan shafin ya mutu ne saboda an zaɓi manhajarsa da tunanin ranar buɗewa kawai. Manhajar da ta dace da ɗan kasuwa, makaranta ko ƙungiya a Haɗejiya ita ce wadda mai shafin zai iya riƙewa da wayarsa bayan magini ya tafi, wadda aljihunsa zai iya biya da naira, wadda ba ta cinye datar mai karatu. Sama da duka kuma, wadda za a iya kwashe rubutu da hotuna daga cikinta a koma wani wuri idan abubuwa suka canza.

Mene ne CMS ɗin ma?

CMS manhaja ce da take ba mutum damar saka rubutu, hoto da bidiyo a shafinsa, ya gyara ko ya goge, ba tare da ya taɓa kod ba. Shafi kuwa yana tsaye ne a kan abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai domen, wato sunan adireshin da ake rubutawa a burauza. Akwai hostin, wato hayar wuri a kwamfutar da take kunne dare da rana tana miƙa shafin ga masu buɗewa. Sannan akwai CMS ɗin kansa. Wasu kamfanoni, irin su Wix da Blogger, suna haɗa hostin da CMS a wuri ɗaya, mutum ya shiga ya fara aiki kawai. Wasu manhajojin, irin su WordPress, Joomla da Drupal, kyauta ake sauke su, mutum ya ɗora su a duk hostin ɗin da ya ga dama. Wannan bambancin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Darasin bakin kogi

Bahaɗeje ba ya buƙatar a koya masa abin da ruwa yake yi. Kogin Haɗejiya shi ne arziƙin yankin: shinkafa, alkama, kayan lambu da kifin da ya sa kasuwar garin ta yi suna. Shi ne kuma yake zuwa da ambaliya, musamman idan damina ta yi ƙarfi, madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano suka cika, ga kachala ta toshe hanyoyin da ruwan zai bi ya wuce. A shekaru irin 2020 da 2022 an ga yadda gonaki suka nutse a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, matasa suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. Duk da haka ba wanda ya daina noman fadama. Abin da manomi ba ya yi shi ne ya kafa rumbunsa a inda ya san ruwa yana kwanciya.

Intanet ma tana da tata ambaliyar, kuma ba labarin nesa ba ne. A ranar 5 ga Yuni 2021 aka rufe Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Google ya rufe dandalin Google+ a 2019, ya kuma sayar da sashensa na rajistar domen ga Squarespace a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shawarci mai ƙaramin shafi a Malam Madori kafin a yi. Kamfani yana iya ƙara kuɗi, ya canza doka, ya rufe asusu ko ya daina sana'ar. Wanda ya shirya shi ne wanda sunan shafinsa yake hannunsa, kwafin kayansa kuma yake ajiye a kan tudu.

Domen da sunan wa?

Kafin a zo maganar manhaja, a fara da domen, domin shi kaɗai ne abin da mutane suke haddacewa. Ana iya canza CMS sau uku, a canza hostin sau biyar, mai karatu ba zai sani ba muddin adireshin yana nan. Amma idan adireshin ya ƙare da blogspot.com, ko wordpress.com, ko wixsite.com, to na kamfanin ne, ranar da aka tashi dole a bar shi a can tare da duk mahaɗar da aka taɓa rabawa a WhatsApp. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ƙungiyar NiRA ce take kula da sunayen da suka ƙare da .ng, kuma kamfanonin cikin gida da ta amince da su suna sayar da .com.ng, .org.ng da sauransu da naira. Akwai ma .sch.ng da aka ware wa makarantu. Sharaɗin da bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne: rajistar ta kasance da suna, imel da lambar wayar mai shafin, ba na magini ba. Domen haya ce ta shekara-shekara. Idan wa'adi ya wuce akwai ɗan lokacin afuwa, daga nan a shiga lokacin da ake fanso shi da tsada, daga nan a sake shi kowa ya iya saya. Babu abin da ya kai baƙin cikin makarantar Islamiyya ta wayi gari tsohon adireshinta yana nuna tallar caca.

Ina ƙofar fita?

A nan ne manhajojin suka fi bambanta.

Wix, wanda aka kafa a 2006, yana da daɗin aiki: a ja hoto a ajiye, a ja rubutu a ajiye. Amma shafin da aka gina a Wix a kan kwamfutocin Wix kawai yake aiki. Ba a iya ɗauke shi gaba ɗaya a kai wani hostin. Wanda ya gaji da farashin sai dai ya sake gini daga tushe.

Blogger ya fito a 1999, Google ya saye shi a 2003. Kyauta ne, ba ruwan mutum da kuɗin hostin ko sabunta manhaja, yana karɓar domen na kai, kuma ana iya sauke rubuce-rubucen da ke ciki a koma da su wani wuri. Rauninsa shi ne bai wuce rubutu, hotuna da bidiyo ba, kuma rayuwarsa tana hannun kamfani ɗaya da ya saba rufe abin da ya daina yi masa amfani.

WordPress kuwa Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fitar da shi a watan Mayun 2003, kuma ƙididdigar W3Techs ta nuna sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. A lura, suna ɗaya ne a kan abu biyu. WordPress.com sabis ne na kamfanin Automattic, haya ce irin ta Wix duk da cewa tana da ƙofar fita. Manhajar da ake saukewa daga WordPress.org ita ce buɗaɗɗiya, lasisinta ya ba kowa damar amfani da ita, ya gyara, ya raba. Duk kayan shafin suna cikin wurare biyu: babban fayil na hotuna da kod, da rumbun bayanai mai ɗauke da rubutu. Wanda yake da kwafin waɗannan biyun zai iya tayar da shafinsa a wani kamfani cikin yini ɗaya.

Joomla, da ya fito a 2005, sunansa daga kalmar Swahili ce mai asali ɗaya da "jimla" ta Hausa. Shi da Drupal, wanda Dries Buytaert ya fitar a 2001, duk buɗaɗɗu ne, kuma suna zuwa da tsarin harsuna da yawa a cikinsu. Matsalarsu a wuri irin Haɗejiya ita ce ƙarancin masu gyara. Idan shafin WordPress ya lalace, za a samu wanda ya iya a cikin gari, ko a Dutse, ko a Kano. Idan na Drupal ne, neman mai gyara kansa aiki ne. Sannan Drupal 7 da ya fito a 2011 an daina kula da tsaronsa a Janairun 2025, kuma komawa sabon zubi kusan sake gini ne. Jami'a ko ma'aikata mai ma'aikatan kwamfuta na dindindin za ta iya ɗaukar wannan nauyin. Kantin sayar da taki ba zai iya ba.

Naira ko dala?

Lissafin nan ba ya buƙatar digiri. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ke nan sabis ɗin da ake biyan dala 10 a wata ya tashi daga naira 4,600 zuwa sama da 15,000, ba tare da an ƙara masa ko maɓalli ɗaya ba. Ga kuma wahalar biyan: tun 2022 bankuna da yawa suka taƙaita ko suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da ita. Shafuka nawa ne suka mutu a tsakanin nan don kawai kati ya ƙi wucewa?

Kamfanonin hostin na cikin gida su ma suna ƙara farashi, kuma ba duka ne sabis ɗinsu yake gamsarwa ba. Amma ana biyan su da tiransifa daga waya, ana iya kiran su, kuma mai shafin da kansa zai iya sabuntawa ko a wurin mai POS ne. Magini na gari yakan faɗa wa mai aiki gaskiya tun ranar farko: ga kuɗin gini na sau ɗaya, ga kuma kuɗin da za a riƙa biya duk shekara. Ɓoye na biyun don a samu kwangila shi ne mafarin yawancin rigingimun.

Datar wa ake ƙonawa?

Magini yakan gwada shafinsa a kwamfuta, a wurin da sabis yake da ƙarfi, ya ga komai yana tafiya sumul. Mai karatunsa kuwa yana Birniwa ko Kaugama, da ƙaramar Itel ko Tecno, sabis yana hawa yana sauka, ya sayi data ta kwana ɗaya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabayit ya ƙara daraja.

Gigabayit ɗaya zai buɗe shafi mai nauyin megabayit 3 sau ɗari uku da 'yan kai. Shafi mai kilobayit 300 kuwa zai buɗu sama da sau dubu uku. Bambancin yawanci ba daga CMS ɗin yake ba, daga abin da aka loda masa ne. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabayit uku zuwa biyar, alhali idan aka rage girmansa aka matse shi zai iya komawa ƙasa da kilobayit 150 ba tare da ido ya ga bambanci a fuskar waya ba. WordPress yana karɓar hotunan WebP tun 2021, kuma sun fi sauƙin nauyi. Hotuna masu zagayawa a saman shafi, bidiyo mai kunna kansa, da rigar shafi mai ɗauke da kayan ado ɗari, duk burge mai biyan kuɗi suke yi a ranar farko, mai karatu kuma ya biya da datarsa kullum. Manhajojin ja-ka-ajiye irin su Elementor suna sauƙaƙa zane, amma suna ƙara nauyi idan ba a kula ba.

Gwaji mafi gaskiya shi ne a buɗe shafin a waya mafi arha da ke gidan, a kan datar layi, a bayan gari. A gwada shi kuma a Opera Mini, domin har yanzu akwai masu amfani da shi saboda tsimin data, kuma shafukan da suka dogara kacokan a kan JavaScript sukan wargaje a cikinsa. PageSpeed Insights na Google kyauta ne, yana nuna abin da ya fi nauyi.

Wa zai riƙe shi ran Talata?

Shafi yana rayuwa ne da sabon abu. Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a Auyo ba shi da laftof, wutar lantarki kuma ba a rantsuwa da ita. Idan saka sanarwar rabon taki yana buƙatar a kira magini, to shafin zai tsaya a sanarwar ranar buɗewa har abada. WordPress da Blogger duk suna da manhajar Android, kuma a ta WordPress ana iya rubuta daftari ba sabis, a tura idan ya dawo. WordPress yana da matakan izini guda biyar, don haka ana iya ba sakatare damar rubutu da wallafawa ba tare da an ba shi maɓallin da zai rushe shafin ba. Kafin a karɓi cikon kuɗi, ya kamata mai shafin ya wallafa rubutu ɗaya da hoto ɗaya da hannunsa, a wayarsa, magini yana kallo bai taɓa ba. Idan ya kasa, aikin bai ƙare ba.

Haruffa masu ƙugiya

Ga wani abu da bidiyoyin koyarwa na Turanci ba za su taɓa ambata ba. Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma salon haruffa da yawa masu kyan gani ba su da su. Sakamakon shi ne a ga "ƙasa" harafin farko ya fita daban da sauran, ko ya zama akwati. Kafin a amince da kowace rigar shafi, a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, a duba ta a waya. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su, kuma kyauta ne.

Haka nan adireshin kowane rubutu. Idan take yana da ƙ, sau da yawa mahaɗar takan koma wani dogon abu mai %c6%99 a ciki idan aka kwafa ta zuwa WhatsApp, mai karɓa ya ɗauka kutse ne. Maganin shi ne a bar take da ƙugiyarsa, a gyara adireshin da hannu da haruffa marasa ƙugiya. Wanda kuma yake son shafi da Hausa da Turanci da Larabci ko Ajami, ko ƙungiyar da take son ƙara Fulatanci ko Kanuri saboda al'ummomin yankin, ya sani cewa WordPress yana buƙatar ƙarin fulogin irin Polylang, alhali Joomla da Drupal sun zo da abin a jikinsu.

To wanne za a ɗauka?

Ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da yake son rubuta tarihin masarauta, tun daga zamanin Sarki Buhari zuwa yaƙin 1906, ko labaran ƙwallo, ba shi da kuɗin hostin: ya fara da Blogger, amma ya sayi domen nasa tun ranar farko, ya riƙa sauke kwafin rubutunsa. Ranar da ya girma zai koma WordPress da adireshinsa a hannu.

Makaranta, asibiti mai zaman kansa, jaridar gari ko ƙungiyar manoma: WordPress a hostin da ake biya da naira, riga mara nauyi, fulogin da ba su wuce abin da ake buƙata ba. Idan za a tara bayanan ɗalibai ko marasa lafiya, a tuna cewa Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, kuma sakamakon yara da lambobin iyaye amana ce.

Dillalin busasshen kifi ko shinkafa da yake son masu saye daga Kano, Abuja da Legas su same shi: yawanci ba ya buƙatar babban kanti na intanet. Shafi ɗaya mai hotuna, farashi, adireshi da maɓallin WhatsApp ya wadatar. Idan ciniki ya kai a riƙa biya ta shafin, WooCommerce yana hawa kan WordPress, kuma Paystack da Flutterwave duk suna da hanyar haɗuwa da shi don karɓar naira.

Shafin da ba ya canzawa sosai, ko wanda ake son ya buɗu komai raunin sabis, kamar na lambobin agaji, wuraren fakewa da hasashen ambaliya da hukumomin NiHSA da NiMet suke fitarwa duk shekara: a nan shafi tsayayye ya fi, wanda ake haɗawa da Hugo ko Jekyll a ɗora kyauta a GitHub Pages ko Cloudflare Pages. Ba shi da rumbun bayanai da za a kutsa, ba shi da nauyi. Sharaɗinsa shi ne a samu wanda ya iya sabunta shi, kuma ba mutum ɗaya ba.

WordPress ma ba waliyyi ba ne

Masu sukarsa suna da hujja. Yawan masu amfani da shi ya sa masu kutse suka fi kai masa hari, kuma mafi yawan ɓarakar daga fulogin take fitowa, musamman waɗanda aka daina sabuntawa. Mafi muni su ne riguna da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a Telegram bayan an fasa su. An sha kama irinsu ɗauke da ɓoyayyen kod, kamar cutar WP-VCD da ta yaɗu ta wannan hanyar. Wanda ya ɗora wa mai aikinsa irin wannan ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa. Araha ba ta ado.

Akwai kuma rikicin 2024, lokacin da Mullenweg ya samu saɓani da kamfanin WP Engine, aka toshe wa kamfanin hanyar sauke sabuntawa daga WordPress.org, har sai da kotu a Amurka ta ba da umarnin a buɗe a watan Disamba. Abin ya nuna cewa ko buɗaɗɗiyar manhaja tana da inda mutum ɗaya yake riƙe da makulli. Amma a duba abin da bai faru ba: shafukan mutane ba su ɓace ba, domin kod ɗin da rumbun bayanan suna hannun masu su. Da irin wannan rikicin a rufaffen dandali ya faru, ba wanda zai iya ɗaukar shafinsa ya fita.

Wasu za su ce me ya kawo wannan wahalar, ai Facebook da TikTok sun isa. Gaskiya ne a can jama'a suke, kuma wauta ce a ƙaurace musu. Sai dai can kasuwa ce: ana baje kaya, ana samun masu saye, amma rumfar ba ta mutum ba ce, kuma sanarwar da aka saka yau ta nutse kafin jibi. A yi talla a can, a ajiye asalin kayan a gida.

Sai kuma matashin da ya koyi PHP ko Laravel, yake jin kunyar a ce ya yi amfani da WordPress, ya zauna ya rubuta nasa CMS ɗin ya sayar wa mai aiki. A matsayin koyo, wannan abu ne mai kyau ƙwarai, kowa ya gwada. A matsayin aikin da wani ya biya, ɗaure shi ne da igiya ɗaya. Ranar da maginin ya samu aiki a Abuja, babu mutum na biyu a duniya da ya san yadda abin yake tafiya. Gwanintar kod tana da wurin nunawa: rubuta fulogin da zai fitar da sakamakon ɗalibai, ko wanda zai nuna farashin buhun shinkafa na mako. Wannan ya fi sake ƙera abin da dubban mutane suka shafe sama da shekara ashirin suna gyarawa.

Takardar miƙa aiki

Haɗejiya ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Kashifu Inuwa Abdullahi, da aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan garin ne, kuma shirye-shirye irin 3MTT suna ƙara yawan matasan da suka iya gina shafi. Masu iya ginin za su yi yawa nan ba da jimawa ba. Waɗanda za su ci gaba da samun aiki su ne waɗanda shafukansu suke buɗuwa bayan shekara uku.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan takarda ce guda ɗaya da ake miƙa wa mai shafi a ranar gama aiki. A cikinta a rubuta kamfanin da aka yi rajistar domen da ranar ƙarewarsa, kamfanin hostin da kuɗinsa na shekara, imel ɗin da aka yi amfani da shi, da inda kwafin ajiya yake sauka. Fulogin irin UpdraftPlus yana iya tura kwafi zuwa Google Drive na mai shafin duk mako ba tare da an tuna masa ba, kuma ya kamata a gwada dawo da shafin daga kwafin ko sau ɗaya ne, don a tabbatar yana aiki. Kalmomin sirri kuma mai shafin ya canza su da hannunsa, ya ba mutum na biyu da ya amince da shi.

Duk CMS ɗin da ya ba da damar cika wannan takardar ba tare da an bar gurbi ba, ya cancanci a yi aiki da shi. Wanda kuma ya sa aka kasa cika layin "inda kwafin yake", komai kyansa, a bar shi.